Sensa ba ta san zafin Bauchi ba

Ƙarfe biyu da wani abu na dare wayata ta yi ƙara, na duba sai na ga Alhajin da muka yi wa aiki a Fadaman Mada ne. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce "Malam, wannan abin naku mutane yake gani ko aljanu? Tun bayan isha'i yake cemin akwai motsi a falo, sau uku ina fitowa da tocila, ba kowa." Na ce Alhaji ka yi haƙuri, ka kashe sanarwar ka kwanta, gobe da sassafe insha Allah ina nan. Shi ƙila ya samu barci, ni dai ban ƙara runtsawa ba, don aikin nan shi ne na farko da Oga ya sakar min ni kaɗai.

Mu asalin aikinmu sola ne da kamarar tsaro, sai daga baya masu gidaje suka fara tambayar ƙananan na'urorin nan marasa waya, masu jin motsi da masu auna zafi, waɗanda ke turo maka saƙo a waya, su ake kira sensa. Da na fara ganinsu raina su na yi wallahi. Abu kamar kwalin ashana, bayansa da gam, ka ɓare ka manna a bango ka haɗa da manhaja shikenan, mutumin da ya saba hawa rufin kwano da fanel a ka ai wannan wasan yara ne. Haka na ɗauka.

Da safe na je, na zauna a falon kusan awa ɗaya ban taɓa komai ba, kallo kawai nake. Sensar na manna ta ne tana fuskantar taga ta yamma, tagar da rana ke duka tun azahar har magariba, ga watan Afrilu ne, bangon nan har tsakar dare da ɗuminsa. Da daddare in an kunna fanka labule sai ya dinga kaɗawa, ya rufe bango mai ɗumi ya buɗe, ya rufe ya buɗe. Ita kuma irin wannan sensar da ake kira PIR ba ido gare ta ba, ba ta san mutum ba, canjin ɗumi kawai take ji yana gittawa ta gabanta. To labulen Hajiya ne ɓarawon. Na cire ta na mayar kusurwa, sama da mita biyu kaɗan daga ƙasa, ta juya wa tagar baya tana kallon ƙofar shigowa, aka zauna lafiya.

Abin da ya fi ban tsoro ma ba wannan ba ne, don ƙarya irin ta labule barci kawai za ta hana ka. Kwana biyu bayan nan na koma gwada ta baranda da tsakar rana, na wuce ta gabanta na dawo, shiru, sai da na matso sosai sannan ta farga. Jikin mutum digiri 37 ne, mu kuma a nan daga Maris zuwa Afrilu zafi kan kai 40, bango da siminti duk sun ɗau wuta, to ta yaya za ta bambance ka da bangon da ke bayanka? Kusan makancewa take yi. A kwalin za ka ga an rubuta mita bakwai ko makamancin haka, amma wannan lissafin na ɗaki ne mai sanyi-sanyi. Tun daga ranar in zan gwada sensar waje sai rana ta take, kuma na koyi cewa ta fi kama wanda ya gitta ta gefe a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, don haka ba a sa ta ta kalli hanya gaba da gaba, a gefe ake ajiye ta mutum ya ratsa ta gabanta. Gilashi kuma ba ta gani ta cikinsa kwata-kwata, wani ya taɓa roƙona in sa masa ita a cikin ɗaki ta tsare masa mota ta taga, na ce ranka ya daɗe kuɗinka za ka zubar.

Akwai wata iri mai aiki da rada, ita ko zaune kake shiru tana jin numfashinka, zafin gari bai dame ta ba. Amma fanka na juyawa za ta ce mutum ne, kuma yawancinsu sai an jona musu wuta. A garin da fanka ba ta hutawa sai ka yi tunani sau biyu.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi cin min lokaci. Sensocin iri biyu muka fi samu, masu hawa waifai kai tsaye da masu Zigbee, wata hanyar sadarwa ce marar waya ta ƙananan na'urori. Na waifai yawanci zangon sigina na 2.4GHz kawai suke ganewa, in rawutar gidan, wato akwatin da ke ba da waifai, ta haɗe zangon 2.4 da na 5 a suna ɗaya sai ka wuni kana danna maɓalli abu ya ƙi haɗuwa, na taɓa ɓata yini guda a kan wannan har na fara zargin kayan jabu ne, ashe saiti ɗaya ne a rawuta. Na Zigbee su sai da hob, ɗan akwatin da dukkansu ke kai wa rahoto, kuma sun fi riƙe batir nesa ba kusa ba. Daɗin Zigbee shi ne yawanci na'urarsa da ke jone da wuta, kamar soket mai wayo, tana zama gada, ta karɓi saƙo daga sensar nesa ta miƙa gaba. Wannan yana da amfani sosai a irin gininmu, bulo da kankare da rodi, ƙofofin ƙarfe, ga ɓangaren maigida daban na iyali daban, ga tsakar gida a tsakani, sigina ba ta ratsa wannan duka da kanta.

Na sa soket biyu a matsayin gada ina jin kaina gwani. Abin da ban lissafa ba, soket ɗin suna kan layin wutar gari ne, ba layin inbata ba. Ana ɗauke wuta gadar ta karye, sensocin baya su shiga neman hanya, su yi ta nema, batirin da ya kamata ya yi shekara ko fiye ya zube cikin ƴan makonni. Oga da ya zo ya duba bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi min, "wannan soket ɗin wa ke ba shi wuta in an ɗauke?" Kunya kamar in nutse. Yanzu kafin in buɗe kwali sai na bi gidan da testa na san wane soket ne ke kan inbata, rawuta da hob da duk wata gada a can suke zama, in gidan ba inbata sai a sayi ƙaramin batirin rawuta. Sannan data. Wasu saitin a intanet suke gudana, data na ƙarewa fitilar da ke kunna kanta in an shigo ta daina, maigida kuma ba zai ce datarsa ta ƙare ba, cewa zai yi aikinka ya lalace. Shi ya sa duk abin da zai iya gudana a cikin hob ɗin ba tare da intanet ba, can nake saita shi.

Batir kuwa a duba lamba, wasu CR2032 wasu CR2450, ba sa shiga wa juna, kuma na arha da ake sayarwa a kati sun sha kunyata ni. Ina barin guda biyu masu kyau a hannun mai gida.

Masu auna zafi su ne na ɗauka ba su da rigima, sai Hajiya ta ce a sa mata ɗaya a ɗakin ƴan tsakinta a bayan gida. Ƴan tsaki a satin farko suna son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan-kaɗan duk sati, lokacin hunturu kuma da asuba sanyi kan kashe su. Ni kuma don kar kaji su tsattsage ta sai na ɗaga ta can sama kusa da kwano. Da rana ta ce ɗakin ya zama tanda, da daddare ta ce lafiya lau alhali ƴan tsakin sun cure waje ɗaya a ƙasa suna kuka, don ɗumi sama yake tashi. Hajiya ce ta gyara min, ta ce "ɗana, kajin a rufi suke kwana?" Na sauko da ita daidai tsayin bayansu na kare ta da raga. Ita da ma kallon yadda suka bazu ko suka taru take yi ta gane, na'urar amfaninta kawai ta tashe ta ƙarfe huɗu na asuba in gawayi ya mutu.

Wannan ya tuna min furojet ɗina na makaranta da na haɗa ɗan allon waifai ESP8266 da sensar zafi da danshi DHT11, hunturu na shigowa lambar danshin iska ta daskare ta ƙi motsi, na yi ta canza waya. Ashe DHT11 ba ta karanta ƙasa da kashi 20, iskar hunturunmu kuma ta kan bushe fiye da haka, DHT22 ya kamata in saya. Yanzu duk sabbin sensocin zafi sai na jera su waje ɗaya su kwana in ga wacce ta fita daban, mai tsinke irin DS18B20 kuma in tsoma ta a ruwan ƙanƙara in ga ko za ta nuna sifili. Ita ce ma nake sa wa firij, tsinken a ciki na'urar a waje, don ƙarfen firij na toshe sigina sanyi kuma na karya ƙaramin batir. Mai ajiye insulin, allurar ciwon suga, da ke buƙatar digiri 2 zuwa 8 ba a yi masa wasa da wannan.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowace takardar kwali. Alhaji ya ce a sa masu jin motsi har koridon ɓangaren iyali, ni ko na sa, ban tambayi kowa ba tunda mai gida ya yi magana. Sati bai cika ba Hajiya ta sa aka kira ni, ta bayan labule ta ce tana so ta san dalilin da zai sa in ta fito kicin ƙarfe ɗaya na dare wayar Alhaji ta yi ƙara yana Abuja, har ya bugo yana tambayar waye. Ban da amsa. Gaskiyarta ne, gidan nata ne ita ma, kuma abin da ke rubuta lokacin shigarka da fitarka ba ƙaramin abu ba ne ko da babu kamara a jikinsa. Na samu Alhaji na ce ranka ya daɗe ɓarawo ta katanga da ƙofa yake shigowa, a bar na get da baranda da bayan gida, na ciki a mayar da shi ya kunna fitila kawai ba tare da ya tura wa kowa saƙo ba. Ya yi dariya ya ce ashe ƙara aka kai ni. Aka yi hakan, na kuma saka manhajar a wayar Hajiya ita ma, na nuna wa babbar ƴarta yadda ake kashewa da kunnawa.

Baba maigadi ne kaɗai har yau bai yafe min ba. Sensar bakin get ɗin tana nuna ƙarfe nawa aka yi zagayen ƙarshe, duk sanda na je gidan sai ya harare ta ya ce min "ɗan nan, yaushe batirin munafukar nan zai ƙare?"