Ranar da na sayo irin albasa da sunan habba

Inna ce ta aike ni kasuwar Marwa in sayo mata habbatus sauda, don takan haɗa ta da zuma idan hunturu ya kama. Na tarar da wani ya baje kaya a ƙasa, ya cika mini ɗan gwangwani da araha. Ko shinshinawa ban yi ba.

Baffa na zaune a zaure da na dawo, shi kuwa ya tsufa cikin harkar itatuwan magani. Ya ce, "Kawo mu gani, ɗana." Ya zuba a tafin hannu, ya murza, ya kai hanci, sai ya yi dariya. "Rabi irin albasa ne."

Na yi musu, don duka baƙaƙe ne ƙanana. Sai ya ware mini su a kan farar takarda. Ƙwayar habba tana da kusurwa uku da ɗan tsini, idan ka murje ta ƙamshi mai yaji ke tashi, a baki kuma ɗaci-ɗaci. Irin albasa ya fi faɗi, a yamutse yake, ba shi da wannan ƙamshin. A yankinmu da ake noman albasa sosai, samun tsohon iri ba wuya, tunda ba ya daɗewa da ransa, shekara ɗaya zuwa 2 ya mutu. Duk da haka Baffa ya sa na shimfiɗa kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma. Bayan mako guda 'yan ƙalilan suka tsiro da siririn ganye guda a lanƙwashe kamar zare. Albasa ce, ba tantama. Habba da ganye biyu take fitowa.

Ya nuna mini hulba da irin tafasa ma, su ma sukan ruɗi ido. Na tafasa ya fi duhu da sheƙi, hulba kuwa rawaya ce mai tsagi, warinta kaɗai ya isa shaida.

Da na ɗauki wata jar ƙwaya mai baƙin ɗigo daga kwandonsa zan ciza, sai ya buge mini hannu. Idon zakara ce, guba ce mai kisa idan an tauna, irin zaƙami kuma gusar da hankali yake. Ya ce, "Hanci da ido tukuna. Abin da ba ka san uwarsa ba, kada ya shiga bakinka."

Washegari Inna ta sake ba ni kuɗi, amma ta ce Baffa ya raka ni.