Daga Lasa zuwa tafkin Yamdrok

Alhamdulillahi, mun dawo lafiya daga Tibet, wani yanki a ƙasar Sin. Baƙo daga waje ba ya shiga yankin shi kaɗai. Bayan bizar Sin sai an nemo masa takardar izini ta musamman, kuma dole da ɗan jagora, shi ya sa muka haɗu mu 'yan kaɗan a ƙaramar bas ɗaya.

Lasa, babban birnin Tibet, tana kan tudun da ya kai kusan mita 3,650, iskar ba ta ƙosar da huhu. A matattakalar fadar Potala taku kaɗan za ka yi ka tsaya kana haki, kai na sarawa. Amma ga tsofaffi suna zagaya Jokhang, wurin ibadar mabiya addinin Buddha, tun asuba, wasu na miƙewa ƙasa ɗungurungum, sun ɗaura katako a tafin hannu don kada dutse ya ci musu fata. Ba addinina ba ne, amma wallahi nacinsu ya taɓa ni.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne babban masallacin tsohon gari, ba nisa da kasuwar Barkhor. Na yi azahar a sahu ɗaya da Musulmin ƙabilar Hui ta Sin, na fito na ci taliya da naman yak na halal, wato wani irin sa mai yawan gashi da ake kiwo a tsaunukan yankin.

A hanyar garin Gyantse muka haura mashigar dutse ta Kamba La, kusan mita 4,800, sai ga tafkin Yamdrok shuɗi shar a ƙasanmu. Nan direba ya ba mu tsamfa, garin soyayyen sha'ir da ake cuɗawa da shayin man yak mai gishiri a dunƙula kamar dawo. Yana riƙe ciki sosai cikin wannan sanyi.