Ƙaramar rautar da ta cinye min rabin albashi

Ranar Asabar na miƙa makullin ɗakin kwamfutoci, bayan shekara uku da 'yan watanni a cibiyarmu ta koya wa yara jarrabawa da kwamfuta. Duk wanda ya san wurin ya san yadda muke cika maƙil daga Janairu zuwa Afrilu, tun da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kowane uba yana so ɗansa ya taɓa linzami kafin ranar. Ba zancen wannan zan yi ba. Wata safiya guda nake so in ba da labari, don ita ce ta koya min netwok fiye da duk takardar shaidar da na riƙe.

Oga ya sayo wata ƙaramar rauta, na'urar da ke rarraba intanet, mai eriya biyu, yana son Wi-Fi ya kai har ofishinsa. Da la'asar ya miƙo min kwalin ya ce, "Injiniya, jona min wannan kafin ka tashi." Injiniya yake ce min idan yana son aiki, idan kuwa an zo maganar kuɗi sai in koma "yaron nan". Na jawo kebul daga suwic, akwatin da wayoyin kwamfutocinmu ke haɗuwa a cikinsa, na duba bayan rautar, na ga ramuka huɗu masu ruwan ɗorawa da ɗaya shuɗi. Na soka a ɗaya daga cikin huɗun. Wayar Oga ta kama, ya yi murmushi, na tafi gida ina jin kaina.

Washegari muna da jarrabawar gwaji, yara sittin sun biya kuɗinsu. Aka tayar da inji, aka kunna kwamfutoci. Kusan rabinsu suka buɗe shafin tambayoyi lafiya lau, sauran kuma suka ce ba su ga uwar garke ba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyin. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba layi ɗaya ba ne ya mutu. Wannan tana yi, ta kusa da ita ba ta yi, ta gaba kuma tana yi. Ni kuwa a lokacin duk ilimina a kebul yake. Na haddace jerin zaren nan takwas kamar karatun allo, daga fari da ruwan lemo har zuwa ruwan ƙasa, na kuma san kebul ba ya wuce mita 100. Sai na durƙusa ƙarƙashin tebura ina yanke kawunan wayoyi ina sake matse su, awa uku cur, gumi har cikin ido, yara suna ta tsaki a kaina. Kebul goma sha ɗaya na yanka, babu ko ɗaya da ke da laifi.

Wani dattijo mai gyara da Oga ya kira ne ya warware abin, bai ko zauna ba. Ya je kan kwamfutar da ke aiki ya rubuta ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta, ya nuna min da yatsa: 192.168.1.23. Ya matsa kan wadda ta ƙi, ya sake rubutawa: 192.168.0.104. Ya ce, "Ɗana, dubi lamba ta uku. Waɗannan ba unguwarsu ɗaya ba. Me kuka jona jiya?"

A nan ya yi min bayanin da har yau nake yi wa ɗalibai. Kowace na'ura a kan netwok sai da adireshi, lambobi huɗu ne, kowacce daga 0 zuwa 255. A irin tsarinmu, ukun farko su ne sunan unguwa, ta ƙarshe lambar gida. Idan kwamfuta ta tashi, sai ta yi shela tana neman mai ba ta adireshi, wannan aikin shi ake kira DHCP. Babbar rautarmu ce ke yin sa. To ƙaramar da na jona ita ma da nata DHCP a kunne ta fito daga kwali, kuma da na soka kebul a ramin cikin gida, wato mai ruwan ɗorawa, maimakon shuɗin da ke karɓar layi daga waje, sai ta shiga rabon adireshi ita ma. Duk kwamfutar da ta yi shela, wanda ya riga amsawa shi take bi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Da yamma ba a ga matsala ba saboda kowa yana riƙe da adireshinsa na safe. Dattijon ya zare kebul ɗaya, aka sake kunna kwamfutocin, cikin minti biyar komai ya dawo.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne yadda Oga ya tsaya a gaban yaran nan ya ce shi bai taɓa sa ni in taɓa masa netwok ba, karambanina ne. Kuɗin da aka mayar wa waɗanda suka gaji suka tafi, da ladan mai gyara, duk daga albashina aka zare. Laifi tudu ne. Rautar kuwa tana nan a ofishinsa har gobe, ni na kashe mata DHCP na saita ta daidai, da ita yake kallon ƙwallo.

Daga ranar na daina taɓa almakashi kafin in yi tambaya. Fitilar ramin tana ci? Adireshin me kwamfutar ta samu? Idan ya fara da 169.254, to ba ta sami mai ba ta ba ne, ta laƙa wa kanta. Sai in yi ping, wato in aika ɗan saƙon gwaji in ga ko za a amsa, zuwa rauta, sannan zuwa 8.8.8.8, wani adireshi da ke can waje a intanet. Idan wannan ya amsa amma shafi bai buɗe ba, matsalar DNS ce, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba. Da wannan jerin na kare kaina ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da intanet ya yi ta rarrafe. Oga ya taso zai fara, na nuna masa cikin gida ƙalau yake, daga bakin ƙofa ne abin ya tsaya. Zuwa yamma labari ya bazu cewa wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da dama suna cikin wannan hali. Bai ce sannu ba, amma bai ce "yaron nan" ba.

Sauran kuwa ƙanana ne. Wi-Fi daban, intanet daban, sandunan waya na iya cika alhali babu data. Kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, a canza ta ranar farko. Umarnin baki kuma, musamman na mai gida, a nemi ya turo shi ta WhatsApp.

Akwai wani littafi mai bango kore da na rubuta adireshin kowace kwamfuta da ramin da take a suwic. Oga ya tambaye shi ranar da zan tafi. Na riga na ba yaron da zai gaje ni, hannu da hannu, na kuma nuna masa ramin da na liƙe da salatif.