Yini Guda a Bakin Tsohon Mashigin Ruwa na Cromford

A wani watan Nuwamba, lokacin da nake karatu a birnin Derby na ƙasar Ingila, na hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen Cromford da niyyar in bi gefen tsohon mashigin ruwan da ke can da ƙafa har zuwa ƙauyen Ambergate, tafiyar kimanin mil biyar. Mashigin ba kogi ba ne, mutane ne suka haƙa shi ƙarƙashin jagorancin injiniyoyi William Jessop da Benjamin Outram, aka buɗe shi a 1794 domin jigilar kwal da ƙarfe da dutsen farar ƙasa a cikin dogayen kwale-kwale waɗanda doki ke ja daga bakin ruwa. Turbar da dawakin suka riƙa bi ita ce masu yawo suke bi a yau.

Na fara daga tsohuwar tashar lodi, daura da masana'antar kaɗin auduga da Richard Arkwright ya gina a 1771, wadda ƙarfin ruwa ke juya injunanta. Da na tsaya a gabanta sai na tuna da mazarin kakata, na riƙa lissafa yawan zaren da hannu ɗaya zai kaɗa kafin waɗannan injuna su kammala aikin yini guda.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin hawa da gangara, alhali tuddai sun kewaye kwarin ta kowane gefe. Daga baya na fahimci cewa gwanintar maginan ke nan: sun bi da ruwan ta jikin tudu a kan mizani ɗaya, inda kogin Derwent ya tare musu hanya kuwa suka gina gadar dutse, ruwan mashigin ya ƙetare ta saman ruwan kogin. Na daɗe a kan gadar ina kallon ruwa biyu, ɗaya a kwance shiru, ɗaya yana gudu a ƙarƙashinsa.

Kusa da nan ne gidan famfo na Leawood yake, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina. An gina shi a 1849 bayan ruwan da ke ciyar da mashigin ya ragu, domin injin tururi ya riƙa ɗebo ruwa daga kogin. Masu masana'antun da ke can gaba, inda ruwan ke gangarawa, sun dogara da wannan kogi, saboda haka ba a yarda a ɗiba ba sai daga ƙarfe takwas na daren Asabar zuwa takwas na daren Lahadi. Wannan ne ya sa injin ya yi girma haka, har yana ɗaga kusan tan huɗu na ruwa a kowane bugu, tun da dole ya tara ruwan mako cikin kwana ɗaya. Na tarar da ƙofar a rufe, domin 'yan sa-kai ne ke kunna shi a wasu ranaku ƙayyadaddu, ni kuwa ban bincika ba kafin in fito. Laifina ne, kuma tun daga ranar ba na zuwa irin waɗannan wurare sai na duba jadawalinsu.

Bayan ƙauyen Whatstandwell ciyayi sun fara cinye ruwan, turbar ta zama taɓo, takalman yadin da na sa suka jiƙe sharkaf. A nan ne mutum yake ganin mutuwar mashigin da idonsa. Jirgin ƙasa ya ƙwace masa kaya, wani kamfanin jirgin ya saye shi a 1852, sannan haƙar ma'adinai ta sa ƙasa ta zaftare a ramin Butterley, inda mashigin ke ratsawa ta ƙarƙashin tudu, a 1900, hanyar ta yanke biyu. A 1944 aka daina amfani da mafi yawansa a hukumance. Yanzu agwagin ruwa da ɓerayen ruwa ne suka gaje shi, kuma a ganina barin wannan sashe yadda yake ya fi a yashe shi domin kwale-kwalen shaƙatawa.

Ban yi la'akari da gajartar yinin hunturu ba, ga shi na ɓata lokaci a Leawood. Wajen ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufe, na ƙarasa mil na ƙarshe da fitilar waya, na yi sallar magariba a gefen tashar Ambergate da safa a jiƙe kafin jirgin Derby ya iso.