Yadda na sauya furosesar kwamfutata mai haɗe da allo

Kwamfutar da nake aiki da ita a shagona na Agege irin wadda komai nata ke bayan allo ce, babu akwati daban. HP EliteOne 800 G1 ce, tokumbo, mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) i3-4130. Da ita nake tsara katin biki da kalanda da fosta a CorelDRAW, kuma ta yi mini hidima. Amma da aka fara kawo manyan banoni masu hotuna da yawa sai ta riƙa jan ƙafa, kwastoma na tsaye a kaina. Sabuwa kuwa, a yadda dala take, ba ta taɓuwa.

Kafin kashe ko sisi sai da na tabbatar furosesar tana cirowa. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci, musamman sirara na yanzu, furosesar laftof ake sa musu, a liƙe ta da dalma a jikin madabod, wato babban faifan da duk sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa. Idan lambarta ta ƙare da harafin U, to a bar maganar. Haka iMac ɗin Apple mai furosesar M1 da ya fito a 2021. Na buɗe manhajar CPU-Z, ta nuna soket LGA1150, wato mazaunin furosesar Intel zubi na huɗu da aka fara sayarwa a 2013. Hankalina ya kwanta.

A Computer Village da ke Ikeja akwai wani ɗan Zariya mai gyara da na saba da shi. Na ce ina son mafi ƙarfin da zai shiga wannan soket, har na ambaci i7-4790K. Ya girgiza kai.

"Malam, shiga zai shiga, amma wa zai fitar masa da zafi? Wancan wat 88 yake ci. Naka gidan an gina shi ne don masu S a ƙarshe, wat 65. Ɗauki i7-4770S ka huta."

Gaskiyarsa. A babbar kwamfuta mai akwati akwai fili, ana iya ƙara fanka ko a sa babban ƙarfen janye zafi. A nan kuwa fanka ɗaya ce siririya, da bututun tagulla da ke kai zafin zuwa 'yan ramukan iska, duk a matse a bayan allo wanda shi ma ɗumi yake fitarwa. A haɗa da zafin Legas na watan Maris da shago mai rufin kwano. Furosesa idan ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai a wayi gari an biya kuɗin i7 ana aiki da ƙarfin da bai kai shi ba. Ita i7-4770S cibiyoyin aiki huɗu gare ta, tsohuwar kuwa biyu, kuma gudunta na kaiwa 3.9 GHz. Ya ishe ni. Ya kuma ce mini i7-4790S ta 2014 ma tana shiga, amma sau da yawa sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, tukuna, tun tsohuwar furosesa na ciki. Wannan aiki ne da ba a so a ɗauke wuta ana tsakiyarsa, don haka mai yinsa ya jona inbata ko janareta. Ban biya ba sai da ya gwada furosesar a wani madabod a gabana, ta tashi.

A shago na zare waya, na danne maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita, na shimfiɗa tawul na kifa allon a kai. Da na cire murfin baya, ƙurar da ta toshe ramukan iska ta zama kamar auduga. Na ɗauki hoton kowace waya kafin in zare ta. Sukurori huɗu ne ke riƙe da ƙarfen janye zafi, ana sassauta su kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne soket ɗin. Furosesar ba ta da ƙafafu, ƙasanta shafe yake. Allurai 1,150 ɗin suna cikin soket, sirara ƙwarai, kuma guda ɗaya ta lanƙwashe na iya hana kwamfutar tashi. Na ɗaga ɗan hannun ƙarfen, na kama tsohuwar ta gefe da yatsu biyu na ɗago ta tsaye. Sabuwar tana da alamar kusurwa uku mai ruwan zinare da 'yan tsagu biyu a gefe. Idan sun dace da na soket, da kanta take zama, ba a dannawa. Na goge busasshen man da ke jikin tagullar da ispirit, na ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, na mayar da komai.

Karon farko ta ɗan jima allo na baƙi, fanka na ihu, sannan tambarin ya bayyana. Fitar da babban fayil zuwa PDF yanzu ba ya tsayar mini da aiki, ina iya ci gaba da wani katin a gefe. Sai dai ba duka saurin ne daga furosesa ba. A ranar na cire tsohon hadis mai juyawa na sa SSD, ma'ajiyar fayil marar juyawa mai sauri, na kuma kai RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai, zuwa 16GB, iyakar abin da take ɗauka. Saurin kunnawa da buɗe manhaja aikin SSD ne. Da ƙanena ya zo da tasa, mai rubutu da shiga intanet kawai, SSD na ce ya saya ya bar furosesarsa.

Akwai iyakar da wannan gyara bai tsallake ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, wanda ba ya shiga LGA1150. Saboda haka na bar wannan ga aikin zane da buga takarda, harkar banki na mayar kan waya, ina kuma tara kuɗin wadda za ta gaje ta.