Tabarmar ta mu biyu ce

Daren da muka gudu daga garinmu Amcide, a arewacin Kamaru, a 2014, ɗana yana goye a bayana, watansa goma sha huɗu. Sai da muka kwana a daji kafin mu isa Mora. Kowa cewa yake in gode Allah, jariri ne, bai san me aka yi ba. Ni ma haka na ɗauka.

Ya cika shekara uku baki bai buɗe ba. Da ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado ya sandare, don a kan babura 'yan Boko Haram suke shigo mana gari. Surukata ta ce iska ce. An sha rubutu, an yi tofi, kuma ban raina ba, har gobe ina tofa masa addu'a. Amma firgitar dare ba ta daina ba.

A wani asibiti aka haɗa mu da wata ma'aikaciya mai duba masu damuwa. Na zaci zan miƙa mata shi in jira a waje. Ta ce, "A'a Yaya, tabarmar ta ku biyu ce." Ta bayyana mini cewa yaron da bai kai shekara biyar ba, jikinsa ne ke riƙe abin da bakinsa ya kasa faɗa, kuma a fuskar uwa yake duba ko lafiya ko ba lafiya. Wai a daren nan ya ji bugun zuciyata da hakina ta bayana.

Duk mako muke zuwa. Kayan aikinta 'yar tsana ne, da shanun laka, da ƙoƙo. Makonni yana abu ɗaya: ya kife 'yar tsanar da ƙoƙo, ya yi ta dukan ƙoƙon. Ni haushi ma yake ba ni. Ita kuwa ta ce labari yake ba mu, in amsa masa.

Nan aka zo wurin da ya fi mini wuya. Ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta ɗora shi a cinya gaban mutane. Ban taɓa ba. Ba ta ce in zubar da kunyata ba, sai ta sakaya ƙofa ta juya mana baya. Na ɗauke shi, murya na rawa, na ce, "Ka ji tsoro, ni ma na ji. Na gudu da kai, mun tsira." Ya ɗaga ƙoƙon ya leƙa.

Ita ce kuma ta lura cewa babur na wucewa, ni nake fara damƙe hannunsa tun kafin ya motsa. Ashe rabin tsoron daga tafin hannuna yake karɓa. Na koyi jan numfashi in ce, "Mai acaɓa ne, kasuwa za shi."

Mun kusa shekara muna zuwa. Magana ta zo a hankali. Yanzu yana makaranta a Marwa, kuma har yau ba ya son kwana a ɗaki ba fitila. Sunansa kuwa, sai mu biyu nake kira.