Kafin ka zauna da lissafin GMAT, ji inda na yi tuntuɓe

Bakaloriya seri D na yi, wato ɓangaren kimiyya da lissafi, na yi karatu a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram. Don haka da na ƙudura neman digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, aka ce sai na rubuta GMAT, jarrabawar shiga irin wannan karatu da ake yi da Ingilishi, ɓangaren lissafi bai ɗaga mini hankali ba ko kaɗan. Ingilishi nake tsoro. Lissafin kuwa da na leƙa sai na ga kaso cikin ɗari ne, da rabon kaya, da aljebra irin ta kolej. Na raina shi. Rainin nan ya ci mini wata huɗu, kuma ba na so ya ci naku, ƙannena, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun da aka sabunta jarrabawar a ƙarshen 2023, sassa uku gare ta, kowane minti 45. Sashen lissafi tambaya 21 ne, kowace da amsoshi biyar ka zaɓi ɗaya, ba kalkileta, kuma an cire lissafin siffofi da kusurwoyi. Ka raba da kanka: minti biyu da 'yan daƙiƙai kowace tambaya. Kwamfuta kuma tana auna ka, in ka ci ta miƙo mai tsauri, in ka faɗi ta sassauta.

Duk wannan na sani, amma ban yi aiki da shi ba. Kullum bayan isha'i sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in haɗa shayi, in warware tambaya talatin ko arba'in, ba agogo, waya na gefena ina latsa kalkileta. In na duba amsa na ga na faɗi, sai in ce gaggawa ce, in wuce. Yawan nake ƙirgawa, shi nake faɗa wa abokai a fada. Ranar da na zauna gwajin farko da agogo, lokaci ya ƙare ina kan tambaya ta 15. Na daɗe zaune ban motsa ba.

Washegari na sayi kaye sabo, na koma kan duk tambayar da na faɗi, ina rubuta dalilin faɗuwar ɗaya bayan ɗaya. A nan idona ya buɗe. Mafi yawan kurakuran ba na rashin iya lissafi ba ne, na karatu ne, kuma tushensu lakkol ɗin da ta rene mu da Faransanci.

Ga waƙafi. Mu a wurinmu 1,250 ɗaya da kwata ne. A jarrabawar nan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, ɗigo suke sawa inda muke sa waƙafi. Na san haka a kai, amma hannu ya riga ya saba. Akwai tambayar da na yi minti uku ina juya ta, amsata ba ta cikin biyar ɗin, ina sake ninkawa gumi na karyo mini, ashe tun layin farko na karanta lambar da idon Faransanci. Haka biliyan ɗinsu shi ne miliyar ɗinmu. Wanda ya fi cutar da ni kuwa sifili ne. Mushenmu na lissafi ya koya mana cewa lamba “positif” ta haɗa da sifili, kuma in aka ce wannan “supérieur” ne a kan wancan, suna iya zama daidai. A lissafin Ingilishi sifili ba ya cikin masu alamar tarawa, ba ya cikin masu alamar ragewa, kuma in aka ce ya fi, to ya fi ke nan. Tambaya guda tana iya tsayawa kacokan a kan wannan ɗan bambanci. Ba wanda ya gaya mini, littattafan shirin ma ba don mu aka rubuta su ba. Ku ware shafi guda don irin waɗannan, ku riƙa duba shi kafin kowane zama.

Kalkileta kuwa kawuna ne ya raba ni da ita. Hatsi yake sayarwa a Kasuwar Dole, bai taɓa shiga aji ba. Wata rana na kai masa tambayar da ta kayar da ni: kaya ya hau da kashi 20 cikin ɗari, ya kuma sauka da kashi 20, ya koma farashinsa na da? Ni na ce ya koma. Na juya masa ita da harshen kasuwa, buhu na jikka 25. Ko tiyar da ke hannunsa bai ajiye ba ya ce, “Ɗana, ƙarin a kan ashirin da biyar aka ɗora shi, ya zama talatin. Ragin kuwa daga talatin aka cire, shida ke nan. Jikka ɗaya ta tafi.”

Na ce, “Kawu, yaya aka yi ka gani nan take?”

Ya ce, “Kai harafi kake bi, ni kuɗi nake gani.”

Tun daga ranar, in tambaya ta zo da haruffa tsirara sai in sa mata lamba mai sauƙi, galibi 100, in bi ta da kai. Kuma mu da muke ƙirga sefa da dala, muna ninkawa da biyar muna rabawa tun muna yara ana aikenmu sayen ƙuli-ƙuli, lissafin ka ba baƙonmu ba ne. Waya ce ta kashe mana shi. Ku sa ta a ɗaki in za ku zauna, mako biyu sun isa ku ji bambanci.

Sai taurin kai. Ni ban iya barin tambaya ba, ina ganin abin kunya ne ɗan seri D ya yi canke. Minti shida nakan kashe kan guda ɗaya, in rasa uku a ƙarshe waɗanda na iya. Alhali barin tambaya ba amsa yana rage maki, kuma tsarin yanzu ya yarda ka yi wa tambaya alama ka dawo, har ka canja amsa uku a kowane sashe in lokaci ya rage. In ka kai minti uku hanya ba ta fito ba, kore amsoshin da ka tabbata ba su ba ne, zaɓi ɗaya, yi alama, wuce.

Gwaji biyu na kyauta da GMAC, masu jarrabawar, ke bayarwa a shafin mba.com, na ɓata na biyun a banza: na buɗe shi da rana tsaka cikin zafin Afrilu, wuta ta ɗauke, batirin kwamfuta ya mutu a tsakiya. Ku yi ɗaya tun farko don ku san matsayinku, ku adana ɗayan sai kayen kurakuranku ya yi kauri. Ranar da za ku buɗe shi ku cika batiri, ku sayi isasshen intanet, ku gaya wa mutanen gida kada a aike ku ko'ina har awa biyu da kwata ta cika.